Gawasar da Ke Bangon Gidan Mma

Fati, ke kika tayar da maganar nan, ranar da kika dawo daga jami'a kika ce wani tsohon malami ya tare ki a kan matakala ya ce ya san uwarki, mace ce mai ƙwaƙwalwa, saura ƙiris ta zama farfesa, taurin kai ne ya hana ta. Kika faɗa kina dariya, ɗan'uwanki Bashir ya taya ki, ni ma na yi dariyar don kada ku ga abin ya taɓa ni. To, ya taɓa ni. Taurin kai kam ban musa ba, gadonsa na yi, ku ma kun samu rabonku. Amma mutumin ƙarshen labarin ya ba ki ya bar farkonsa, wataƙila ma bai san farkon ba. Yanzu da na ajiye aiki ina zaune a unguwar Kwadaso, babu mai kirana sai ladan da maganin hawan jini, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ke musamman, tunda kin ɗauko hanyar shiga gidajen mutane kina tambayarsu abin da ke ransu.

Kun san gidan kakarku Mma a Asawase, nan cikin Kumasi, amma kun fi saninsa bayan an ɗora masa bene. A shekarar da nake magana kuna ƙanana, abin da za ku iya tunawa bai wuce warin fenti ba. Lokacin tsakar gidan a buɗe take, ɗakuna sun kewaye ta, 'yan haya da dangi a cakuɗe, sai wani dogon bango a ƙurya wanda ba ya aikin komai sai tare rana. Da asuba hayaƙin waakyen Mma, shinkafa da wakenta, shi ke tashin kowa, da rana rediyon wani na Twi, yaren Asante, ya yi ta faɗa da wa'azin wani na Hausa, da yamma mata su baje tabarmi su yi ta yanka mutanen da ba sa nan. A gidan nan aka haifi Mma, a cikinsa ta tsufa, amma ban taɓa jin ta kira Kumasi garinmu ba. Garinta Gawasa ne, can arewa bayan Katsina, inda mahaifiyarta Iya ta fito tana yarinya. Mma ba ta taɓa taka Gawasa ba. A bakin Iya ta ji shi, tana zaune tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso, kuma Iya ta rasu tun Mma tana budurwa, ta bar mata garin ɗungurungum ba tare da kowa ya rage da zai gyara mata ko kusurwa ɗaya ba.

Mu kuma a bakin Mma muka tashi da shi. In famfo ya ɗauke, sai ta ce a Gawasa kogi ne a bayan gida, ruwansa har kana ganin ƙwayar idonka. In kwata ta cika ta shigo zaure, sai ta ce a Gawasa ƙasa ce mai shanye ruwa ta bar ƙamshi. Da ta je aikin hajji ta dawo, ta rantse mana cewa ta leƙa ta tagar jirgi ta ga wani kore shar a ƙasa da zaren ruwa a tsakiyarsa, kuma jikinta ya ba ta nan ne. Yayana Salisu, wanda ke fesa wa motoci fenti a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, shi kaɗai ke da bakin tsokanarta.

"Mma, jirgin ya tsaya ne kika karanta allon garin?"

"Kai dai je ka wanke hannunka. Wanda ya sha nonon gari ba ya bukatar allo."

Ni a lokacin ina koyarwa a jami'a, sashen nazarin zaman jama'a, na daɗe a mataki ɗaya ina jiran abin da zai ɗaga ni. Bincikena a kan mu ne, mutanen Zango, unguwannin baƙin da suka zo daga arewa, yadda muke riƙe da garuruwan da kakanninmu suka baro. Na yi wata da watanni ina yawo da rakoda gida gida, kuma abin da na tara abin kunya ne. Tsohuwar da na san in ta fara labari a gidan suna sai an ɗauke kwanon gabanta, da na danna rakoda sai ta gyara mayafi ta zama wata hajiya ta daban. Yaya garinku yake? Alhamdulillahi. Me kike tunawa? Alheri. Har Mma, uwar da ta haife ni, haka ta yi mini, ta ƙara da yi wa gwamnati addu'a. Na koma ofis na saurari kaset ɗin, raina ya ɓaci har na kusa jefa rakodar ta taga.

Abin da ya canza mini hanya ƙarami ne. Wata rana na iske Mma da maƙwabciyarta Hajiya Zenabu suna gardamar inda rijiyar tsohuwar unguwa take kafin a yi titi. Hajiya Zenabu Bazabarma ce, da girmanta ta zo daga Nijar, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Da gardama ta yi zafi sai Mma ta zaro gawayi daga murhu ta durƙusa ta hau zane a siminti, ga masallaci, ga gidan mai goro, ga rijiya. Tana zane tana magana, maganar da na yi wata da watanni ina roƙo, sunayen matattu na fitowa ɗaya bayan ɗaya da abin da kowa ya yi. Na tsaya da jakata a kafaɗa ban ko zauna ba. Na gane cewa in hannu yana aiki, baki yakan manta ana sauraronsa.

Na kai wa shugaban sashenmu shawarar, wanda zan kira Farfesa kawai. Mutumin kirki ne, ɗan Asante, mai son sabon abu, kuma shi ya tsaya mini har wasu masu tallafa wa bincike daga Turai suka karɓi aikin. Tsarin kashi biyu ne. Da farko tsofaffin mata za su zana garuruwan asalinsu yadda suke a ransu. Daga baya ni zan bi garuruwan in ɗauko hotunansu na zahiri, a dawo a ajiye wa kowace hoton garinta a gaban zanenta, kyamara na ɗaukar fuskarta. Da wannan za a yi fim da littafi, sunana a gaba, daga nan kuma hanyar ƙarin girma a buɗe take. Ni da hannuna na rubuta kashi na biyun nan, ina jin daɗin wayona. A takarda ya yi kyau ƙwarai.

Takardun zane da na sayo matan suka ƙi su, suka ce su ba 'yan makaranta ba ne. Mma ce ta nuna bangon ƙurya da haɓa ta ce ga fili nan yana zaman banza. Salisu ya riƙa kawo mana ragowar fentin mota a gwangwanaye, shuɗin tasi, jan motar kashe gobara, ruwan ɗorawa na motar haya tirotiro, da wani kore mai ƙyalli da ya ce na motar wani babban mutum ne. Kafin a tsoma burushi sai da aka aika wa Malam Garba, limamin masallacin lungunmu, domin wasu sun ce zane haramun ne. Malam ya zo ya tsaya a bakin zaure ya saurare ni har na gama Turancina da Hausa.

"Malama Rakiya, gida da itace da kogi babu laifi. Amma kada a zana mai rai. Ko kaza."

"Malam, gari babu mutane ai kufai ne."

"Wannan kuma ku mata kun fi ni dabara."

Sun kuwa fi shi. Wata tsohuwa ta zana ƙofar gidan kakanta, ta tsaya tana kallonta, sai ta ɗiga takalma biyu a bakin ƙofar ta ce yana ciki yana barci. Shi ke nan aka samu hanya. Kafin wata ya ƙare bangon ya cika da mutanen da ba a gani, takalma a bakin kowace ƙofa, manya da ƙanana, buta a gefen tabarma, tukunya a kan wuta babu mai tuƙi, igiyar guga a miƙe cikin rijiya, zane a kan shanya iska na ɗaga shi. Kana kallo sai ka ji kamar yanzun nan kowa ya shiga ɗaki, in ka yi haƙuri za su fito. Bayan la'asar suke taruwa, su ɗaure tsofaffin zannuwa, su yi ta shafa suna hira, ni kuma ina gefe da rakodata wadda babu wanda ya ƙara kulawa da ita. Kano ta zauna kusa da Dosso, Sakkwato ta jingina da Yendi, babu iyaka babu ɗan sanda. In hadari ya taso daga wajen Suame, hasken yakan koma ruwan zuma, fentin motar ya riƙa ƙyalli, garuruwan su yi kamar suna numfashi. Sau da yawa har a kira magariba ba mu sani ba. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba, kafin su da bayansu.

Mma ta ɗauki tsakiyar bango, ba wanda ya isa ya hana ta, gidanta ne. Ta fara da kogi. Shuɗin tasi kusan kaf ta ƙarar a kansa, ya taso daga sama ya lanƙwasa ya bi bayan wani gida mai koriyar ƙofa. Ta jera ayaba a bakin ruwan, ta sa bishiyoyin koko da 'ya'yansu ja, ta sa gwanda, ta yi wa gidajen rufin kwano mai walƙiya. A tsakiya ta tsayar da itacen gawasa, wanda ba ta taɓa gani ba, sai ya fito mangwaro sak amma 'ya'yansa ruwan zinariya. A bakin koriyar ƙofar nan ta sa takalma ƙanana guda biyu ta ce na Iya ne tana yarinya. Hajiya Zenabu, wadda ta san arewa da ƙafarta, ta zo ta riƙe ƙugu.

"Ei, Hajiya! Ayaba ya fito a arewa? Koko kuma? Wannan ai hanyar Mampong na nan ƙasar Asante ne kika zana, ba Gawasa ba kraa, ko kaɗan."

"Naku garin ne babu. Ku Zabarmawa Allah ya ba ku rairayi, mu ya ba mu ruwa. Hassada ce ke damunki."

"Yoo. Na yi shiru. Rakiya zai je ya gani."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a nan ne na tuna, karo na farko, cewa lallai zan je, kuma zan dawo.

Na tafi bayan ƙaramar salla. Na bi garuruwan sauran matan, wasu na same su sun zama birane, wasu sun koma unguwa a cikin wani gari. Gawasa na bari a ƙarshe. Sai da na yi ta tambaya a tasha kafin a samu direban da ya san sunan, ya sauke ni a bakin wata hanya, mai babur ya ƙarasa da ni. Abin da ya fara kama ni sararin sama ne. Mu 'yan Kumasi ba mu san sama tana da faɗi haka ba, kullum itace ko bene ko hadari ya tare mana ita. A can ta sauko har ƙasa ta kowane gefe, garin kuma ya tsuguna a ƙarƙashinta, 'yan gidajen ƙasa da rumbuna, rairayi fari, rijiya ɗaya mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwandala. Na tambayi kogi. Suka nuna mini wani kwari busasshe suka ce yakan kawo ruwa in damina ta yi kyau, kwana kaɗan ya wuce. Na tambayi itacen gawasa, suka ce an ce da akwai.

Mutanen suka karɓe ni hannu biyu, suna ta murmushin Hausata, yara na maimaita maganata a bayana. Aka kai ni wurin wata tsohuwa da ta fi kowa shekaru, idonta ya tafi amma kanta garau. Na faɗi sunan Iya da na mahaifinta. Ta juya sunan a baki, ta ce ba ta san shi ba, amma ta ji iyayenta na cewa akwai shekarar da aka yi yunwa har aka ci abin da ba a ci, gidaje da yawa suka bi fataken goro suka yi kudu da 'ya'yan da suka rage musu, kuma babu wanda ya dawo. Ta ce wajen kwarin can gidajensu suke. Na je wajen. Babu ko tubali, sai rairayi da sawun awaki. Na ɗauki hotuna domin aikina ke nan. Mu a gida an gaya mana cewa kasuwanci ne ya kawo su Iya, ba wanda ya taɓa ambata mana yunwa.

Da na dawo sai na zama baƙuwa a gidan uwata. In zo in gaishe ta a tsaye, in ce ina da lacca, in fice. Na kawo mata tsarabar kilishi da turare, ta karɓa ta sa albarka, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Sai dai duk lokacin da na shigo nakan same ta a gaban bango da ƙaramin burushi, tana ƙara wa kogin wani layi, tana gyara ganyen ayaba. Hajiya Zenabu ta tare ni a zaure ta kama hannuna, duk tsokanar ta bar fuskarta.

"Kin gani ko?"

"Na gani, Hajiya."

"To ki san yadda za ki yi. Tsohuwa ne. Abin da ya riƙe shi ke nan."

Ranar da Farfesa ya kira ni don a sa ranar ɗaukar fim, na shimfiɗa masa hotunan a tebur, na ajiye hoton zanen Mma kusa da na Gawasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, da Turancinsa mai taushi, wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, duk wanda ya ga fuskar tsohuwar nan a lokacin da ta ga wannan ba zai ƙara tunanin ƙaura yadda yake yi a da ba. Ban ce ya yi ƙarya ba, har yau ban ce ba. Na ce masa ba zan yi ba. Na ce duk matar da ta nemi hoton garinta zan ba ta a cikin ambulan ta buɗe a ɗakinta, ita da Ubangijinta, amma ba zan kafa wa kowa kyamara a fuska in jira ta karye ba. Ya tuna mini cewa matan sun amince tun farko, kuma ni na tsara hakan. Na ce sun amince ne ba su san abin da ke cikin hotunan ba, ni ma da na tsara ban sani ba, yanzu kuwa na sani.

"Rakiya, don mahaifiyarki ce. Da ta wani ce da kin yi."

"Wataƙila, Farfesa. To kowace a cikinsu mahaifiyar wani ce."

Ya yi ta lallashina har ya gaji, ni kuma na ƙeƙashe ƙasa. Masu tallafi suka ce ba fim ba aiki. Aka ɗauke aikin aka kai wata unguwa a wani gari, aka ba wani abokin aikina, ya yi shi yadda aka tsara, littafin ya fito da sunansa, ya yi ta yawon ƙasashe da shi. Ni aka bar ni da kaset ɗina da suna mai wuyar sha'ani, kuma irin wannan suna a jami'a ba ya wankuwa. Duk wani aiki mai tallafi da ya zo bayan nan sai a tsallake ni. Kada ku ɗauka ban ji zafi ba. Na ji, na yi kuka a ofis da ƙofa a kulle, kuma shekaru da yawa in na ga littafin nan a kanta sai in sauya hanya. A gida ma ban tsira ba. Salisu ya ce na yi wauta, Mma ta fi ƙarfin hoto, da na bari an yi da yanzu muna da farfesa a gida. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, ya dai ce in ci abinci.

Duk wannan bai warware mini komai ba, domin hotunan na nan cikin jakata, Mma na nan gaban bangonta. Na hana baƙi ganin fuskarta, amma ban san yadda zan yi da tawa fuskar ba. Ƙarya ba zan iya yi mata ba. Gaskiyar kuma nauyinta ya fi ƙarfin bakina. Na riƙa mafarkin ina tafiya a cikin kogin nan na shuɗin tasi, ruwan na janyewa daga ƙafata duk inda na taka.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar aka yi ruwa aka ɗauke, tsakar gida ba kowa, matan ba su zo ba saboda laka. Na shigo zan yi gaisuwata ta tsaye. Mma na zaune a kujerar tsuguno gaban bango, gwangwanayen fenti a gefenta. Ba ta juyo ba.

"Rakiya, ajiye jakar nan."

Na ajiye.

"Tun da kika dawo kike gudu na kamar na aike ki kin ɓatar da saƙo. Salisu ya ce kin bar aikin Turawa saboda ni. Ban tambaye ki ba, kuma ba hoto nake so ba, idona ba ya ganin ƙananan abubuwa. Kowa a gidan nan kin sa shi ya zana nasa, ke kina gefe da akwatinki kina sauraro. Ga wuri nan ya rage. Zana mini abin da kika gani."

Ta miƙo mini burushi. Wurin da ya rage ɗan fili ne a gefen kogin nata, bai fi faɗin tabarmar salla ba. Ni da na yi watanni ina gaya wa mutane cewa ba sai ka iya zane ba, sai ga hannuna ya ƙi tashi. Na tsoma a fari na haɗa da ɗan ruwan ɗorawa, na shafa rairayi daga ƙasa har kusan tsakiya. Na ɗauki abin da ya rage na shuɗi a gindin gwangwani, na tsinka shi da fari har ya kusa ɓacewa, na cika sama da shi. Na yi 'yan gidaje ƙanana masu launin ƙasa, na yi rumbu, na yi bakin rijiya. Na ja wani layi mai duhu a karkace, kwarin ke nan. Ruwa na ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti, wani yana gyaran rediyo a ɗakin haya. Da na gama na koma baya na tsaya, zanena ya yi fayau kusa da nata, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Mma ta jawo kujerarta kusa. Ta daɗe tana kallo.

"Kogin fa?"

"Wannan layin ne, Mma. Sai da damina yake kawo ruwa, ya wuce."

"Ayaba?"

"Babu."

"To me suke ci?"

"Gero, in an samu ruwa."

"In ba a samu ba fa?"

A nan ne na gaya mata abin da tsohuwar Gawasa ta ce, shekarar yunwa, da gidajen da suka bi fatake da 'ya'yan da suka rage musu. Na faɗa a hankali ina kallon ƙasa, ina jiran abin da na yi ta gudu. Na ji ta ja numfashi. Da na ɗago, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba, amma ba zanena take kallo ba, koriyar ƙofar nan take kallo.

"Shi ya sa ba ta taɓa barin ƙwayar shinkafa a kwano ba," ta ce. "Ina yi mata dariya. In ce Iya, ke da kika fito garin albarka."

Na durƙusa kusa da ita, ban san lokacin da na kama gefen zanenta ba kamar yarinya.

"Yarinya ce fa, Rakiya. Ba ta kai Fati ba. Ta taho da ƙafa daga wannan wuri da yunwa a cikinta, ta binne wanda ta binne a hanya. Ta haife ni, na ce ta ba ni labarin garinsu." Ta juyo ta dube ni. "Ta duba abin da take da shi, ta ga ba na ba yaro ba ne. Sai ta ba ni kogi."

Na ce mata in tana so in shafe nawa, fenti bai bushe ba, tsumma ɗaya ya isa. Ta buge mini hannu, bugu na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina 'yar makaranta.

"Wa ya aike ki? Bar shi nan kusa da nawa. Duka biyun nata ne."